Zakaran da Anka Karya Tare da Baba

Shekarar da anka yanke mana jiharmu daga Sakkwato, kowa a Argungu ya riƙa tafiya kamar shi za a ba gwamna. Ma'aikata sunka kwaso iyalai sunka cika Birnin Kebbi, kuma dukansu suna son kifi. Babana masunci ne tun kaka da kakanni, sai ya fara loda banda a kwali yana kai musu. A wajen Gesse, inda ake ta gine-gine, ɗan kabu-kabun da ya ɗauko shi ya kauce wa akuya, bai kauce wa rami ba. Akuya ta tsira. Ɗan kabu-kabu ya tsira. Bandar ma ko guda ba ta karye ba. Ƙafar Baba ta dama ce kawai ta ce ƙas a ƙasan gwiwa.

Ni ne ɗan fari a gidan, sai ƙannena mata biyu, babbar da auta. Ni da makaranta mun rabu lafiya tun aji biyu na sakandare, ba wanda ya nemi wani. Ruwa kuwa a alwala muke haɗuwa. Aikina wuni a tasha, in kira fasinja, in tsokani direbobi, in kwaikwayi muryar duk wanda ya wuce. Gida wurin cin tuwo ne kawai. Innarmu ba ta faɗin sunana saboda kunyar ɗan fari, sai dai "kai yaron ga". Baba kuwa "ɗan tasha" yake ce mini, ba da yabo ba.

Anka kawo shi gida a bayan akori-kura, anka aika garin Gulma anka ɗauko maɗori, wani tsoho siriri mai yatsu kamar ƙusa. Ƙarti sunka danne Baba, tsoho ya ja ƙafa ya daidaita, ya shafe ta da man shanu, ya jera kara ya naɗe da tsumma. Baba bai yi ihu ba. Akuya dai ta sha zagi har kakanninta.

Da ya gama sai ya ce a kamo masa zakara. Muna da wani ja, ɗan iskan unguwa, wanda ba kazar da ba ta san shi ba. Ni na kamo shi. Tsoho ya riƙe ƙafarsa ta dama, ƙas, ya karya, ya ɗora ta da 'yan sili-silin kara kamar ta Baba.

"Wanga abokin jinyarka na," in ji maɗori. "Yadda nashi ƙashi ka kamawa, haka naka ka kamawa. Amma ko ka ga shina rawa, kada ka taka ƙasa sai na dawo na kwance da hannuna. In ka taka ɗanye, ƙahwa ta karkace ke nan har kabari."

Baba ya ɗauki farkon maganar ya sa aljihu, ya zubar da ƙarshenta. Inna ce ta tsince ƙarshen ta adana.

Abin da ke cin Baba ba ciwon ba ne. Akwai wani babban tafki bayan gari da ake hana kowa jefa homa a ciki sai ranar da sarakunan ruwa sunka buɗe shi, sau ɗaya a shekara, bayan ruwa ya ja. Ranar kowane masunci zai ɗauki homarsa, wato ragar hannu, ya kife ciki bisa ƙaton gora ya faɗa. Shi ne su. Tun Baba yana yaro bai taɓa fashi ba, ga shi kuma lokacin ya matso.

Anka shimfiɗa masa tabarma ƙarƙashin rumfa a tsakar gida, anka kife zakara da kwando kusa da kansa. Nan ya kafa doka.

"Tunda ni na zauna, kowa shi zauna. Ba talla, ba yawo. Kai ɗan tasha, da kai nike."

Na dubi Inna ko za ta cece ni. Ta ce, "Kai yaron ga, wa zai ɗaga shi in ba kai ba?"

Shi ke nan, anka rufe ni da zakara.

Kwanakin farko, wallahi na ga ta kaina. Ban taɓa sanin katangar gidanmu tana da tsawo haka ba. Ina jin hon ɗin motoci daga tasha kamar suna kiran sunana. Inna ta ce yanzu na ɗanɗana abin da take sha shekara da shekaru, kuma ita ba ta taɓa tsayawa tana leƙen zaure kamar karen da anka ɗaure ba. Baba kuwa ya zama wuta. Tuwon shinkafa ya yi ruwa, miya ta yi gishiri, inuwa ta yi sanyi, rana ta yi zafi. Kullum da safe sai ya ce, "A ɗaga kwando." In ɗaga. Zakara ya yi tsalle da ƙafa ɗaya ya faɗi. Baba ya ja tsaki.

"Malalaci. Dubi shi. Da kaza ta wuce da ka ga aiki."

Na ga in ban samo mana abin yi ba, ɗayanmu zai ci ɗaya. Sai na ɗauki ƙotar cokali na tona ramukan dara a ƙasa, daidai inda hannunsa zai kai. Na kawo tsakuwa da tsinkaye na zauna.

"Baba, an ce masunta ba su iya dara ba. An ce ruwa ya jiƙa musu kai."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

"Jera."

Ya yi mini cin da ban ga ƙurarsa ba. Daɗin nasara ya hau masa kai, ya ƙara doka: duk wanda anka ci zai yi abin da mai nasara ya ce har faɗuwar rana. Ranar ni na yi daka. Ni, ɗan tasha, riƙe da taɓarya, ƙannena suna birgima don dariya, Inna tana gyara mini tsayuwa. Washegari na wanke tukwane. Kafin a daɗe na iya jefa taɓarya sama in tafa in cafe, ban kuma ji kunya ba.

'Yan matan sunka ce ba su yarda ba, wasa ya zama na maza kawai. Inna ta yanke hukunci daga bakin murhu: kowa da ranarsa, mai rana shi ke zaɓen wasa, ana zagayawa har kan auta, kuma dokar Baba tana nan. Baba ya amince da sauri, don a ganinsa ba mai cinsa a gidan.

Ranata ta farko na shirya su a busasshiyar ƙasa. Na sauko da gorunan Baba, ƙannena sunka kife ciki a kai suna iyo cikin ƙura, na watsa takalman gida su ne kifi. Na riƙe ludayi a baki ina ba da labari da muryar mai rediyo: ga babba ta kai hari, ta cafko giwan ruwa, a'a jama'a, silifas ɗin Inna ne, ga auta ta kife, a kawo jirgi. Baba ya yi dariya har ya riƙe ƙafa yana salati. Can kuma ya murtuke.

"Ke, ba haka aka riƙon homa ba! Buɗe hannu. Bari shi shigo da kanshi, sannan ki haɗe."

Tun da anka haife su bai taɓa koya musu komai na ruwa ba. Ranar sai da ya sa babbar ta maimaita har hannunta ya faɗa daidai, ya ce da namiji ce da ta fi wani da ya sani. Na ce na ji, na gode.

Ranar Inna kuwa, ta zo da faifai-faifai na shinkafa ta ce wasanta shi ne wa zai riga tsince tsakuwa. Munka duƙufa ana tsere, har da Baba. Sai da munka gama tsaf na gane aikinta munka yi mata. Ta kwashe shinkafarta tana murmushi, ta ce duk mun ci.

Babbar ƙanwata takan tara tsibin ƙasa ta ɓoye zobe a ɗaya, a yi ta canka. Auta kuwa ba ta da wani zaɓi duk duniya sai carafke, wasan 'yan mata na tsakuwa: ka jefa guda sama, ka kwashi na ƙasa, ka cafe ta kafin ta faɗi, ɗaya-ɗaya, sai bibbiyu, har ka kwashe duka a hannu guda. Hannun Baba kamar filafilin jirgi yake, jan raga ya mai da yatsunsa itace. In ya jefa tsakuwa sai ta nufi rumfa. Auta ta cinye shi tas, ta kuma yanke masa hukunci: za ta sa masa lalle a babban yatsan ƙafar da ke leƙowa daga ɗori. Ya yi gardama, ta ce doka tasa ce. Anka ƙunsa. Yatsa ya fito ja wur.

Da wannan jan yatsan mahaucin unguwarmu ya same shi. Abokin Baba ne tun ƙuruciya, kuma tsakanin mahauta da masunta wasa ne na gado, ba a fushi. Ya yi sallama, Inna ta shige ɗaki, ya tsaya yana kallon ƙafar.

"Ɗan ƙarni, ashe amarci aka yi ba a gaya muna ba? Yaushe za a kai ka ɗaki?"

"Sarkin ƙuda, wanke hannu kahin ka taɓa min tabarma."

"Su ya kusa hwa. An ce bana sai dai a kawo maka labari. In aiko maka ƙashi ka tsotsa?"

Baba ya nuna kwando da haɓa. "Ran da wanga ya taka, ka ga ƙurata."

Mahauci ya tafi yana dariya. Baba bai yi ba. Daga ranar ya koma duba zakara safe da yamma.

Wata safiya na kai zakaran bayan rumbu don in share ƙarƙashin kwando. Ina ajiye shi, shegen ya sauke ƙafa, ya taka, ya sake takawa, ya miƙe wuya yana neman ta inda zai haura. Na ɗago kai sai ga Inna tsaye da tsintsiya. Ta dubi zakara, ta dube ni. Ni ke ɗaga Baba kullum, na san yadda yake cije leɓe, na san gumin da ke keto masa in ƙafar ta ɗan motsa. Ƙashin kaza ina, ƙashin ƙato ina.

"Kai yaron ga," in ji Inna a hankali, "ni ban ga komi ba."

Ta juya ta ci gaba da shara. Na tsinko zare daga tsohuwar homar Baba, na naɗe ƙafar zakara na ɗage ta sama, na ɗaure a gindin fiffike, gashi ya rufe. Da yamma anka ɗaga kwando, ya yi tsallensa da ƙafa ɗaya. Baba ya ce malalaci. Na ce wallahi kuwa, Baba, ban taɓa ganin rago irinsa ba. Haka munka ci gaba, zakara yana hararata, ina ƙara masa tsakin dawa don ya riƙe mini asiri.

Ranar su, da hantsi, ganguna sunka tashi daga bayan gari. Muna jin mutane suna wucewa ta ƙofar gida, goruna suna karo da juna. Baba ya zuba wa sama ido. A daidai lokacin wata kazar maƙwabta, Allah ya isa tsakanina da ita, ta diro daga katanga tana rangwaɗa. Kwando ya motsa. Kwando ya kife gefe. Zare ya tsinke. Zakara ya ratsa tsakar gida da ƙafa biyu, ta gaban tabarmar Baba, da gudun da ko lafiyayye bai yi.

Baba ya miƙa hannu ya ɗauki guntun zaren da ya faɗi, ya murza shi a yatsa. Masunci ba ya ɓata zaren ragarsa.

"Wa?"

"Ni ne."

"Tun yaushe shika takawa?"

"Ya kwan biyu."

Ya jefar da zaren. Sannan ya ce, "Ɗauko homa da gora. Ka goya ni bakin ruwa. In na hau gora ba ruwana da ƙahwa."

Ƙarya ne, shi ma ya sani. Da ƙafa ake tura gora, ga laka, ga jama'a suna tattake juna. Ni kuwa duk rayuwata in Baba ya ce yi kaza, "to" nake cewa in sulale tasha. Ranar ba tashar zuwa.

"Ba ni ɗaukowa, Baba."

"Mi ka ce?"

"Na ce ba ni ɗaukowa. Kuma ba ni goya ka."

Ya jawo gwangwalar da ke jingine da rumfa, ya kafa ta, ya fara jan jiki zai miƙe. Jijiyoyin wuyansa sunka tashi. Auta ta fara kuka. Inna tana bakin madafa, hannunta bisa baki, ba ta iya musa masa a gabanmu. Na san in ƙafar nan ta taɓa ƙasa da nauyinsa, an gama. Na kuma san ba zan iya danne ubana ba. Sai bakin tasha ya zo mini.

"Tsaya, Baba. Doka taka ce ko ba taka ba? Wanda ya ci shi ke faɗa a ji. Ka ci, ni zan goya ka har cikin ruwa, in riƙe maka gora."

Ya tsaya yana haki. "Jera dara."

"Yau ba ranarka ba ce. Jiya zobe anka ɓoye."

Duk munka juya ga auta. Hawaye bai bushe mata ba, amma ta riga ta jawo gwangwaninta. Ta zazzage tsakuwa bisa tabarma.

Na ɗauka an gama, ashe akwai abin da ban sani ba. Duk lokacin da muke zaton Baba yana barcin rana, ashe yana gwaji da ƙwallon dabino, don jan yatsan nan ya tsaya masa a rai. Ya jefa, ya kwasa, ya cafe. Ya wuce ɗaya-ɗaya. Ya wuce bibbiyu kafin ya saki. Auta ta karɓa, ba ta yi nisa ba ta zubar. Na fara tunanin yadda zan goya shi in yi ta zagaya gari da shi har a tashi.

Ya sake karɓa, ya yi ta hawa har ya kai kwasar ƙarshe. Ya jefa tsakuwa sama. Daidai nan ganga ta sauya kiɗa, ihu ya tashi daga tafki, alamar an faɗa ruwa. Idonsa ya bar tsakuwa ya tafi katanga. Ta faɗo bisa ɗorin, ta gangara.

Auta ta share hanci, ta gyara zama, ta kwashe wasanta tun daga farko har ƙarshe ba ta saki ko guda ba. Ta ɗago kai.

"Baba, ka zauna."

"Ba a yi ba! Ganga ta ruɗe ni. A sake."

Na ce a sake masa, kada ya ce an cuce shi. Anka sake, ta ci. Ya ce tabarma ce ba ta kwanta daidai ba. Anka gyara tabarma, ta ci. Ya ce tsakuwarta ƙanana ne, na 'yan yara, a kawo manya. Anka kawo manya, sai ga shi ya ci. Amma auta ta ce ita ke gaba nesa, in yana so a ce ya ci sai ya kamo ta. Na zuba ido in ga ko zai ambaci homa.

"Zuba," in ji Baba.

Mutumin da ke iya wuni cikin ruwa yana jiran kifi guda bai iya barin 'yar yarinya ta tashi da nasara. Babbar ƙanwata ta shigo. Inna ta kawo fura, ta tsaya kallo, ta ce dukanmu ba mu iya ba, ta ɗaure zane ta zauna. Ashe ita ce uwar wasan, ba ta ko kallon tsakuwar. Baba ya ce ba a sa manyan mutane a wasan yara, ta ce shi fa? Na ɗauko ludayina na ci gaba da ba da labari. Anka kira azahar, na kawo masa buta, ya yi sallarsa a zaune, ya ce a zuba. Ban san lokacin da ganguna sunka yi shiru ba. Ina jin shi ma bai sani ba.

Wajen la'asar mahauci ya yi sallama. Ya shigo riƙe da ƙatuwar tarwaɗa nesa da jikinsa, yana toshe hanci, abokan Baba ne sunka ba shi ya kawo. Ya tarar da babban masunci zaune tsakiyar 'ya'ya mata, tsakuwa cike da hannu.

"La ilaha illallahu! Maza na can sun sha laka, kai kana nan kana carafke? Gobe kasuwa ta ji."

Baba ko ɗago kai bai yi ba. "Aje kihin can, kada ka sa mishi warin jini. In kana da hannu zauna."

Ya zauna. Auta ta yi masa cin da sai da ya cire hula. Hukuncinsa shi ne ya gyara tarwaɗar da wuƙarsa, ya yi yana tofar da yawu, Baba yana ce masa ba haka ake yi ba.

Baba ya yi kwanaki ba ya ce mini komai sai "ɗaga ni" da "aje ni". Ban ba shi haƙuri ba, don ban ga laifin da na yi ba. Da maɗori ya dawo ya kwance, ya latsa wurin, Baba ya zabura har ya buge buta. Tsoho ya ce da saura, ya mai da kara ya naɗe. Baba ya saci kallona, na yi kamar ina duban ƙadangare. Da tsoho ya tafi sai ya ce, "Ɗan tasha, jera dara." Ya ci ni, ya sa na yi daka.

Zuwan maɗori na gaba anka kwance gaba ɗaya. Baba ya fara da sanda zuwa zaure, sai masallaci, sai bakin gulbi. Da shekara ta zagayo ya shiga su da ƙafarsa miƙe sambal. Ni kuma na koma tasha na tarar mahauci ya riga ni, kowa yana kirana mai ɗaure zakara. Na ce e, ni ne, wanda ubansa ya karye ya zo in koya masa ƙulli.

Zakaran kuwa Baba ya hana a yanka shi, ya ce abokin jinya ba ya shiga tukunya. Ya tsufa a gidan yana ɗingishi, ƙafarsa ta dama a karkace. Duk wanda ya tambaya, Baba sai ya nuna ni ya ce zarena ne ya lalata bawan Allah. Ni kuwa na ce ya taka ɗanye ne saboda kaza, kuma na san wani da ya so ya bi sawunsa. Mun yi wannan gardama a gaban baƙi, mun yi ta ranar sallah, mun yi ta ranar da anka kai auta gidan miji. Bai janye ba. Ni ma ba ni janyewa.